Taliyar da na ci sau biyu a Kuala Lumpur

Wata uku ke nan da dawowata daga Maleshiya, amma har yau idan na ji ƙamshin soyayyiyar taliya sai zuciyata ta tashi. Kwana takwas na yi a Kuala Lumpur, na je yawon buɗe ido, tare da duba ɗan yayata da ke karatu a wata jami'a a can. Tun a jirgi na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ƙasar Musulmi zan sauka, don haka ba ni da damuwa da maganar abinci. A nan na fara yin kuskure.

Abin da idona ya fara gani ma ya ƙara min ƙwarin gwiwa. Mata sanye da lulluɓi a tashar jirgin ƙasa, kowane katafaren kanti da ɗakin sallarsa da suke kira surau, kiran salla na tashi ta ko'ina. Na hau tagwayen benayen Petronas masu tsayin mita 452, na taka matakalai 272 na kogon Batu, inda mabiya addinin Hindu suke ibadarsu. Duk wannan lafiya lau.

Daren Talata yaron yana da jarrabawa, sai na fita ni kaɗai, da riga 'yar shara da wando, zuwa Jalan Alor, titin da ake baje abinci har tsakar dare. Na tsaya gaban wani dattijo Basine yana juya taliya a katon kasko, baƙa wuluk da ita, suna kiranta Hokkien mee. Na leƙa na ga jatan lande da kabeji, na ce a raina ai abin ruwa ne, ina matsala? Akwai wasu 'yan gutsattsari masu ƙaras-ƙaras a sama, na ɗauka soyayyiyar albasa ce. Na cinye tas. Daɗinta ya sa na koma ranar Laraba. Ban tambayi kowa komai ba, shi ma bai tambaye ni ba, ya ga baƙon Afirka da kuɗinsa a hannu.

Ranar Juma'a na saka kaftani da hula, muka yi salla a Masjid Jamek, tsohon masallacin da aka buɗe a 1909 a daidai mahaɗar kogin Klang da na Gombak, inda birnin ya samo sunansa. Da dare yaron ya koma makaranta, ni kuma na nufi wajen mutumina a karo na uku. Yana ɗaga kai ya ga hular, sai ya ajiye ludayin. Ya tambaye ni ko ni Musulmi ne. Na ce e. Ya girgiza kai, ya nuna wani kwano a gefen kasko, ya ce "babi". Alade ke nan da harshen Malay. Abin da na ɗauka albasa, kitsen alade ne aka soya ya ƙandare, kuma da man da ya fita daga jikinsa ake soya taliyar gaba ɗaya.

Na tsaya kamar an dasa ni. Dattijon ya yi ta ba ni haƙuri, har ya ciro kuɗi zai mayar min, na ƙi karɓa, don ba shi da laifin komai. Shi da kansa ya nuna min hanyar wani shagon Musulmi. Ban iya cin komai ba a daren nan.

Da na kira ɗan yayata, cewa ya yi, "Kawu, ai da ka tambaye ni. Ba ka duba tambarin halal ba?" Ya lallashe ni cewa babu zunubi a kan wanda bai sani ba. Na san haka. Abin da ke ci min rai shi ne tambaya ɗaya ce tak ta raba ni da wannan, kuma ban yi ta ba, har sau biyu.

Sai daga baya na fahimci garin da nake ciki. Sinawa masu haƙar kuza ne suka fara kafa sansani a wurin wajen 1857, Turawan Ingila kuma suka kwaso Indiyawa don aikin gonakin roba da titin dogo. Jikokinsu 'yan ƙasa ne, kowa da wurin ibadarsa da tukunyarsa. A unguwar Sinawa ma, kusa da titin Petaling, akwai babban wurin bautar Hindu, masallaci kuma ba nisa. 'Yan gari sun san rumfar da za su zauna da wadda za su wuce, baƙo ne kawai ke afkawa.

Sauran kwanakina sai da na ga tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a ƙofa nake shiga. Akwai masu rubuta cewa ba sa amfani da alade ko mansa, amma wannan ba shaidar hukuma ba ce, wasu suna zuba giyar girki a miya, don haka ban yarda da shi ba. Na koyi cewa "ada babi?", wato akwai alade? Na koma cin abinci a shagunan mamak na Indiyawa Musulmi, roti canai, wata irin gurasa, da shayin madara mai kumfa, teh tarik, wasunsu ba sa rufewa dare da rana. A Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malay da ke ƙarƙashin dogayen benaye, na ci nasi lemak, shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa, da yaji mai kama da namu. Daga masaukina zuwa can bai fi minti goma a mota ba, kuma tun ranar Talatar nan da can na nufa, da ban san wannan baƙin cikin ba.