Saƙon godiya ga mutanen tsibirin Kirit da duk waɗanda suka tsaya mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya kai mu tsibirin Kirit na ƙasar Girka, Ya kuma dawo da mu gida lafiya. A madadina da iyalina da yayana wanda muka yi tafiyar tare, ina miƙa wannan saƙo ga mutanen da suka ɗauki ɗawainiyarmu, waɗanda akasarinsu ba su taɓa ganinmu ba sai ranar da muka buƙace su.

Kaso mafi tsoka na wannan godiya na masu gadin kwazazzabon Samariya ne. Hanyar ƙafa ce mai tsawon kusan kilomita 16, tana farowa daga kan dutse mai tsayin fiye da mita 1,200, ta yi ta gangara har bakin teku ta kudancin tsibirin. A tsakiyar wannan gangara ne tsakuwa ta zame wa yayana, ya yi mummunan targaɗe a idon sawu, ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi fita. Da ƙyar muka lallaɓa da shi zuwa tsohon ƙauyen Samariya, wanda mazaunansa suka tashi a 1962 lokacin da hukuma ta mayar da wurin gandun daji. Nan masu gadin suka kwance takalmin a hankali, suka zuba wa ƙafar ruwan sanyi, suka naɗe ta da bandeji, sannan ɗaya daga cikinsu ya ɗora shi a kan alfadari ya riƙa jan akala. Ko a wurin nan da duwatsun suka matse juna har faɗin hanya bai wuce mita huɗu ba, mutumin bai saki igiyar ba, bai kuma nuna ƙosawa ba. Allah Ya saka musu da mafificin alheri.

Muna isa ƙauyen Agiya Rumeli muka tarar jirgin ruwa na ƙarshe ya tashi. Ƙauye ne da babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran garuruwa, shiga da fita sai a ƙafa ko ta ruwa, don haka kwana ya kama mu babu shiri. Wata dattijuwa mai ɗakunan baƙi ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ta jiƙa busasshen burodin sha'ir, ta goga tumatir a kai, ta barbaɗa cuku mai laushi, ta tsiyaya man zaitun, ta haɗa mana da shayin ganyen dutse. Maigidanta ya kawo barasar da suke tarbar baƙo da ita bisa al'adarsu, amma da muka gaya masa mu Musulmi ne sai ya mayar da ita ba tare da ya ɓata fuska ba, ya dawo da inabi da ruwan sanyi. Da lokacin salla ya yi, ita da kanta ta share mana wuri ta shimfiɗa sabon zane, shi kuma ya nuna mana kudu maso gabas da hannu. Inna, ba mu ji yarenki ba, ke ma ba ki ji namu ba, amma karamcinki ya iso mana, kuma ba za mu manta da shi ba.

Muna kuma gode wa ma'aikatan jirgin da suka tallabi yayana suka shigar da shi washegari, muka bi ta Lutro mai fararen gidaje har zuwa Sfakiya, da likitan da ya duba ƙafar ya tabbatar mana babu karaya.

Kafin wannan jarrabawa mun amfana da wata malama 'yar rakiya da ta zagaya da mu tsohuwar fadar tarihi ta Kinosos, wadda Baturen Ingila Arthur Evans ya fara tonowa a 1900. Ba ta ɓoye mana cewa wasu sassan ginin shi ne ya sake tayar da su da siminti ba, kuma masana na sukar hakan har yau. Abin da ya fi ƙara mata daraja a idona shi ne adalcinta wajen ba da tarihin Musulmi a tsibirin: yadda waɗanda suka fito daga Andalus suka mulke shi har zuwa 961, yadda Daular Usmaniyya ta Turkawa ta karɓi birnin Hirakiliyon a 1669 bayan ƙawanyar shekara 21, da yadda musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ta raba sauran Musulmin da gidajen da aka haife su a ciki. Ta yi bayanin nan ba ragi ba ƙari, ko da muka tsaya gaban tsohon masallacin bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Haniya, wanda yanzu ba a salla a cikinsa.

Direbanmu ma ya cancanci yabo. Shi ya kai mu gaɓar Elafonisi mai rairayi ja-ja-ja saboda nikakkun ɓawon halittun ruwa, ya kuma gargaɗe mu cewa doka ta hana ɗibar rairayin. Wurin yana da kyau matuƙa, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, kuma a ganina wanda ya tsaya a bakin ruwa kawai bai shiga ƙauyukan duwatsu ba, bai ga Kirit ba. Haka nan muna gode wa mai kwalekwalen da ya tsallakar da mu tsibirin Sifinalonga, inda aka killace kutare har zuwa 1957. Ya bar mu muka daɗe a cikin kangwayen gidajensu bai gaggauta mu ba, ni kuwa raina yana kan masu wannan lalura a garuruwanmu da yadda ake gudunsu, alhali cutar tana da magani.

Ga 'yan'uwa da abokan arziki na gida da suka yi ta kira da addu'a tun da labari ya iske su, muna sanar da ku cewa kumburin ya saɓe, Yaya ya ajiye sanda, yana kuma taka ƙafar sosai. Allah Ya bar zumunci, Ya biya wa kowa buƙatunsa na alheri, amin.