Kada ka ara wa kowa lambar NIN ɗinka

Ranar Laraba na iske ɗan ƙanwata a wani shagon waya kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, ya ɗora yatsa kan na'ura, abokinsa na tsaye yana jira. Na ce me ake yi? Ya ce, "Kawu, rajistar layi zan yi masa da NIN ɗina, nasa ya ƙi shiga." Ban san lokacin da na fizge hannunsa ba.

Ni ma haka na yi a 2021. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, mutane na sammako suna wuni a rana ba su samu ba. Akwai wani mai kawo min gero daga ƙauye, mun shekara uku muna ciniki. Ya ce matarsa na da tsohon ciki, ga shi ba layi. Na yi masa da sunana, ko sisi ban karɓa ba. To ina laifina? Mutumin da na ci tuwo a gidansa zan ce wa a'a? Har gobe ina gaya wa kaina taimako na yi. Sai kuma in tuna zuciyata ta ɗarsa a lokacin, na danne ta saboda kunya.

Bayan wata takwas jami'an tsaro suka buga min ƙofa da asuba. An nemi kuɗin fansa da layin. Ko shi ya kira, ko wayar aka ƙwace masa, Allah ne masani, ban sake sa shi a ido ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare. Abin da ba ya barin idona shi ne takardun da aka baje a tebur: kowane kira, da ranarsa, da mintinsa, da ƙarfen sabis ɗin da wayar ta kama. Har da layina na kaina. Wani ya sa biro kan wani dare ya ce me ya kai ni Batsari? Ta'aziyya na je, ni kaina sai da na yi tunani kafin na tuna. Ashe dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin waya ajiye irin wannan bayani har shekara biyu. Sashe na 37 na tsarin mulki kuwa, mai kare sirrin wayar ɗan ƙasa, sai bayan na fito lauya ya karanta min shi.

Ban ce kada a bi sawun ɓarayin daji ba. Mu da muka ga an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu a Satumbar 2021 mun san abin da ake gudu. Amma idon da ya gan ni a Batsari, me ya hana shi ganin mai kiran? Wannan yana ci min rai har yanzu.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, biyu kawai na iya tsayarwa. Kada ka ara wa kowa NIN ɗinka, ko wanda kuka sha nono ɗaya. In mahaifiyarka ce, ɗauke ta ka kai ta a yi mata nata. Sannan ku rage zuba. Ku yaran yanzu ƙofar gida, lambar mota, inda kuke zaune da dare, duk kun watsa a TikTok, wasunku har sayar da NIN suke don kuɗin data! Ku kama bakinku. Sai dai kuma kama baki ne ya kai ni inda na je. Duk wanda ya ce kawo NIN, ka tambaye shi me zai yi da shi, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka wannan haƙƙi.

Yaron ya ce, "Kawu, ai kowa na yi." Da daddare na kira uwarsa na ce ta karɓe takardar NIN ɗinsa ta kulle a akwatinta. Ta ce, "Yaya, ai yana da hotonta a waya."