Fastar da ba ta da kari

Wani tsoho da ya yi aikin liƙa hotuna a gidan silima a Kano shi ya sa ni a harkar tara fastocin tsofaffin finafinai, wato hotunan tallarsu. Ranar da na je gaishe shi ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, warin kafur ya cika ɗakin. Ciki hotunan finafinan 'yan fashi da 'yan sandan ciki ne, na Amurka da na Indiya: mutum da malafa an karkata, taba a baki, bindiga a hannu, inuwar taga ta raba masa fuska biyu.

"Baba, nawa zan bayar?"

"Kai dai ɗauka, ɗan nan. Gara ce ke jiran gadonsu."

Ba ƙarya ya yi ba, ta riga ta cinye gefen guda shida.

Sai da na yi asara na fara gane kan abin. Na sayi wata fasta ta intanet, wai ta 1947, ta iso a nannaɗe, sumul, ko kari babu. Na yi ta murna, ashe sabon bugu ne. Babbar fastar Amurka ta wancan zamani inci 27 ce da 41, kuma a ninke ake aika ta gidajen silima, har wajen shekarun 1980. Wato karin nan da nake ƙi shi ne shaidarta. A ƙasa kuma akan ga lamba, biyun farko shekarar fim ce. In harafin R ya gabace su, to an sake fito da fim ɗin ne daga baya, kuɗinta bai kai na farko ba. Ƙananan katunan da ake jerawa a ƙofar shiga, masu inci 11 da 14, takwas-takwas suke zuwa. Har yau ban haɗa takwas na fim ɗaya ba, biyar na fi samu.

Na Indiya takardarsu ba ta da ƙwari, amma zanen hannu ne, shi ya sa na fi son su. Mai zane ya shafa wa bos kore ko shuɗi a fuska, daga nesa ka san mugun.

Ɗaya daga cikinsu ni na kashe ta da hannuna. Don gudun damina na kai ta aka yi mata lamineshan, zafin injin ya manne leda da fenti, ba ta ɓantaruwa. Wata kuma salatif ya bar mata tabo ruwan ƙasa. Yanzu a shimfiɗe nake ajiye su, farar takarda a tsakani, nesa da rana da bango, domin hotuna masu sheƙi suna mannewa da juna in Agusta ya yi.

Bara na mayar wa Baba guda ɗaya a cikin firam. Ya juya bayanta yana shafa busasshen kokon da ya liƙa ta da shi.