Gurbin da Ido Ba Ya Gani a Farkon Layi

Na daɗe ina rubuta manhaja kafin in fahimci cewa gurbin da muke bari a farkon layi domin aikinmu ya karantu yana iya kutsawa cikin rubutun da manhajar za ta fitar. Na gane haka ne lokacin da aka ba ni aikin rubuta ƙaramar manhaja da yaren Python wadda za ta riƙa samar da fayilolin saiti na YAML, tsarin da matsayin kowane layi yake ɗauke da ma'ana. Na sanya rubutun mai layuka da yawa tsakanin alamomin zance uku-uku, na tura shi ciki domin ya daidaita da umarnin da ke kewaye da shi, sai gurabe takwas suka bi kowane layi har cikin fayil.

Na yi maganin wannan da textwrap.dedent, wani umarni na Python wanda yake duba layukan gaba ɗaya, ya gano tazarar da suka yi tarayya a kanta, ya cire ta daga kowannensu. Komai ya tafi daidai har ranar da na cusa wani bayani mai layi uku a tsakiyar rubutun. Fayil ɗin ya lalace, na kuma shafe yini ina zargin dedent, alhali ba shi da laifi. Python yana fara cusa bayanin ne kafin dedent ya karɓi rubutun, kuma layi na biyu da na uku na abin da na cusa sun fara daga bakin gefe, babu gurbi ko ɗaya. Tazarar da layukan suka yi tarayya a kanta ta koma sifili, don haka babu abin da aka cire. Daga baya na kuma koyi cewa dedent ba ya ɗaukar tab (tazarar da maɓallin Tab yake sakawa) da gurbi a matsayin abu guda, ko da a fuskar kwamfuta sun yi kama, shi ya sa layi ɗaya da aka kwafo daga wani wuri yake iya ɓata lissafin duka.

Wannan ne ya sa nake ganin yarukan rubuta manhaja da suka mayar da aikin cikin nahawunsu sun fi dacewa. Swift 4 a shekarar 2017 da C# 11 a 2022 sun ɗauki matsayin alamar rufewa, wato alamomin zancen da ke ƙarshen rubutun, a matsayin ma'auni: gurbin da ke gabanta shi ake cirewa daga kowane layi, kuma idan wani layi ya gaza kai wannan tazara, manhajar ba za ta haɗu ta yi aiki ba sai an gyara. Java 15, wadda ta fito a 2020, tana lissafawa da alamar rufewa ita ma, sannan tana share guraben ƙarshen layi, sai dai idan an kare su da \s, alamar da ke wakiltar gurbi. A waɗannan yarukan ana yanke hukuncin ne bisa abin da marubuci ya rubuta da hannunsa, tun kafin wani bayani ya shigo daga waje.

A Python kuwa dole na sauya jerin matakan da kaina. Yanzu ina fara tsabtace samfurin rubutun da dedent, sannan in tura bayanin da zan cusa zuwa matsayinsa da textwrap.indent, wanda yake ƙara gurbi a farkon layuka, daga nan in haɗa su. Kafin in miƙa aiki kuma ina buga sakamakon da umarnin repr na Python, domin ta nan ne kowane tab da kowane ƙarshen layi suke bayyana a fili.