Minti ɗayan da ya tona mana asiri

Ranar wata Alhamis suka zo, kuma duk wanda ya san yankinmu na Gumel ya san Alhamis ba ranar samun yara a makaranta ba ce, ranar kasuwar Maigatari ce, balle ga kaka ta yi ana ta yankan riɗi. Su biyu ne, mace da namiji, kowa riƙe da 'yar kwamfutar hannu mai faɗin nan. Hedimasta ya aiko a kira ni daga aji uku ya ce Malam ga baƙi, wai gwajin karatu da rubutu za su yi wa yara, irin wanda ake yi ko'ina a jihar Jigawa, takarda ɗaya tambaya ɗaya tun daga Gwaram har Birniwa. Ni kuwa a raina na ce ai ba komai, ina da monita.

Monitan nan nawa tun aji ɗaya shi ke zuwa na ɗaya. In na rubuta abu a allo kafin in juyo ya fara rerawa, sauran su amsa, ajin ya ɗauka kamar masu yabon Annabi. In baƙo ya zo shi nake tayarwa. To baƙin nan ba su bar ni na zaɓa ba, jera yaran suka yi suna ƙirgawa suna cire na biyar na biyar, Allah da ikonSa ƙirgen ya faɗa kansa, har sai da na yi murmushi.

Ƙarƙashin darbejiya aka sa benci, yaro ɗaya ɗaya ake kira, ni an ce in ja baya amma kunnena na wajen. Yadda abin yake, da farko takarda ce cike da haruffa a hargitse, babba da ƙarami, a ba yaro minti ɗaya cif ya faɗi sautinsu, in ya tsaya daƙiƙa uku a ce wuce na gaba, in kuma layin farko gaba ɗaya bai samu ko ɗaya ba sai a ce na gode a rufe. Sai wasu kalmomi da ba su da ma'ana sam, irin su zulo, ɓeki, da na gani sai da na ce wannan kuma wane irin wasa ne, ashe nan ne tarkon, don kalmar da babu ita a duniya ba yadda za a yi ka haddace ta, sai dai ka haɗa baƙi da wasali da kanka. Daga nan ɗan gajeren labari, shi ma minti ɗaya, a yi maka tambayoyi a kan iya inda ka kai, a ƙarshe shifta. Daga baya na ji wannan salon ana ce masa EGRA, tun wajen 2006 aka fito da shi da kuɗin hukumar USAID ta Amurka, kuma a nan Arewa an daɗe da yin sa da Hausa a Sakkwato da Bauchi.

Monita ya taɓuka a haruffa. Da aka zo kalmomin nan marasa ma'ana sai ya yi tsit, yana kallon takarda yana kallona. Aka miƙa masa labarin, ya gyara zama ya ɗaga murya, wallahi sai ji na yi yana zubo darasin da ke littafinmu na aji, wanda muka yi wata guda muna rerawa, tiryan-tiryan ba tuntuɓe, alhali abin da ke gabansa labarin wata akuya ne daban. Matar ba ta ce masa komai ba, ta bari mintin ya cika ta ce sannu da ƙoƙari. Ni kam ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wadda ta ɗan wanke mu wata yarinya ce da ban taɓa tayarwa a aji ba, can baya take zama, kullum a makare take zuwa don sai ta kai tallar awara tukuna. Ta ɗora yatsa a kan layi tana bi a hankali, a-ku-ya, tana haɗawa tana maimaitawa, ba ta kai ƙarshe ba amma duk abin da aka tambaye ta a kan inda ta karanta ta amsa. Da na tambaye ta bayan an tashi wa ya koya mata, ta ce Malam, antina ce, tana da littattafan Hausa irin na soyayyar nan a ƙarƙashin katifa, in tana aiki sai ta ce in karanta mata. Wato dai littattafan da muke ta zagi a majalisa sun yi abin da na kasa yi a shekara guda. A jarrabawata kuwa ita ke zuwa ta talatin da wani abu.

Shifta kuwa kada ma a tona. Masu rubuta ƙasa da kasa duk ɗaya, masu haɗe ya tafi ya zama kalma guda, wannan ma ban ga laifinsu sosai ba tunda mu manya haka muke yi a Facebook. Abin da ya fi tsaya min shi ne masu zana layi-layi kamar tafiyar tsutsa su miƙa da fara'arsu, sun yi imani rubutu suka yi.

Na kwana ina tunanin jarrabawar da muke yi ƙarshen zango. Ni ke fitar da tambaya, daga abin da muka rera, ni ke rubutawa a allo in karanta musu da ƙarfi, wani lokacin har da ɗan jan murya a kan amsar da ke daidai, ni ke makin, ni ke cika katin sakamako. Yara sun haura tamanin a rijista, kowa kuma zai wuce aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba. To ta ina ƙarya za ta fito? Ku dubi makarantar allon da yaran nan ke zuwa da asuba. Alaramma ba ya barin ka wanke allo sai ka zo gabansa kai kaɗai ka biya, ba ka shiga farfaru sai ka gama babbaƙu, ba ruwansa da shekarunka ko ɗan waye kai. Abin da baƙin nan suka zo da shi a kwamfuta kenan, a saurari yaro shi kaɗai, muna da shi a zaure tun kaka da kakanni, mu 'yan boko ne muka yar.

Saboda haka ni ina goyon bayan a riƙa auna yaran jiha da ma'auni ɗaya. Mudun da kowa ya sassaƙa wa kansa ba a ciniki da shi. Amma fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Ranar nan rabin ajina suna gona ko kasuwa, kuma waɗanda ba sa zuwa ɗin su ne suka fi rauni, don haka duk munin abin da aka rubuta, gaskiyar ta fi shi muni. Ga tsoro. Tun abin da ya faru a Kaduna a 2017, da gwamnatin El-Rufai ta ba malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu ta sallami sama da 21,000, malami in ya ji kalmar gwaji sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Da kunnena na ji wani abokin aiki na raɗa wa hedimasta wai a ɗebo 'yan aji shida masu ƙananan jiki a cusa cikin layi. Hedimasta ya ce a'a Malam, mu ji tsoron Allah. Amma in aka mayar da abin na kora da hana ƙarin girma, na rantse wata makarantar za a cusa.

Babban abin haushin shi ne har yau ba mu ga sakamako ba. Zango ya ƙare, wani ya shigo, shiru. Kamar a ɗebi jininka a asibiti a ce je ka gida, ba takarda ba magani. Na san dai alƙaluman suna can a wata kwamfuta ana nuna su a taro a otal, amma ni da ke tsaye gaban yaran nan ba wanda ya ce min Malam kaza ne matsalar ajinka, ga yadda za ka yi.

Sai na ce bari in yi nawa. Na taɓa jin yadda aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa ta jihar Kano, wani salo da aka aro daga Indiya, a raba yara ba bisa aji ba sai bisa inda suka tsaya, masu harafi, masu kalma, masu labari. Na yanka kwalin taliya na rubuta haruffa da gaɓoɓi, kullum kafin tara in kira biyar ɗaya bayan ɗaya in saita agogon wayata. Rukuni uku na yi, mai awara ita ke riƙe da 'yan labari in ina wajen 'yan harafi. Da wahala fa, hayaniya kamar kasuwa, alli ma wani lokacin da kuɗina nake saya.

Da aka ba da katin zangon da ya wuce monita ya zo na tara, don wannan karon ban karanta wa kowa tambaya ba. Washegari sai ga mahaifinsa da sassafe a kan keke, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce Malam me yaron nan ya yi maka? Na shigar da shi ofis na ba shi kujera, na kira yaron, na ɗauko wani buhun taki da ke jingine a lungu na ce karanta wa Baba abin da ke jiki. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa, ya fara haɗawa a hankali, ya samu kalma biyu ta uku ta gagare shi. Uban ya yi shiru can ya ce to da can da yake zuwa na ɗaya fa? Na ce Alhaji wannan laifina ne ba nasa ba. Ya miƙe ya kama kekensa, har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce ranar Alhamis ma zai riƙa turo shi.