Lambar da Ta Kunyata Ni a Samina

Na miƙa kundina, na kwashe littattafaina daga sashe, amma har yau in na ga 4,294,967,297 sai gabana ya faɗi.

Tana cikin manyan lambobin da aka ba ni in rarrabe, in ware firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu. Don gudun wahala na ɗauki gwajin Fermat, wani masanin lissafi na da: a yi ta ninka 2 da 2 sau adadin lambar ba ɗaya, a raba da lambar, a duba ragowa. Kwamfuta ta ba ni 1. Na rubuta "firam", malamin da ke duba aikina ya sa hannu a shafin, na kai samina ina ji da kaina.

Ban gama bayani ba wani tsohon farfesa ya ce, "Yaro, raba ta da 641." Na raba a gaban kowa. Ta ba da 6,700,417 cif, babu ragowa. Ɗakin ya yi tsit.

Ashe 2 ce aka jera sau 32 aka ninka su da juna, aka ƙara 1, ban gane ta ba don ta zo mini a baƙaƙen alƙaluma. Fermat ya zaci duk irin waɗannan (2 da aka jera sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu aka ninka, aka ƙara 1, wato lambobin Fermat) firam ne, tunda 3, 5, 17, 257 da 65,537 sun tabbata haka, sai wani masanin lissafi, Euler, ya karya zancen a 1732 da wannan 641 ɗin. Kuskuren da aka gyara kusan shekara 300 da suka wuce na ɗauko na kawo wa mutane sabo fil. Gwajin kuwa bai yi mini ƙarya ba. In ragowa ba 1 ba ce, lallai lambar ba firam ba ce. In 1 ce, bai ce komai ba tukuna. Duk lambobin Fermat suna tsallake shi da 2. Da na gwada da 3 a madadin 2, da asirinta ya tonu tun a ɗaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne malamina. Ya gyara zama ya ce, "Ai na sha gaya masa ya riƙa natsuwa." Na ce, "Haka ne, Malam," na haɗiye.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ka fara tambayar siffar lamba kafin ka taɓa kwamfuta. Ka san da irin su 561, da ke tsallake gwajin da duk lambar da aka sa a madadin 2, muddin ba wata lamba sai 1 da ke raba su duka biyun, alhali 3 sau 11 sau 17 ce. Sa hannun babba kuma ba hujja ba ne a lissafi.

Shafin nan mai sa hannunsa yana nan a wurina, ban yar ba.