Muryar jita a fuskarta take

Ƙaramin shago gare ni, ni da yara biyu, muna haɗa jita irin ta Sifen mai tsirkiya shida ta nailan, muna kuma gyara waɗanda suka lalace. Masu saye bayan jitar suke fara juyawa su ga ƙyallin katako. Ni kuwa fuskarta nake nuna musu, wato fallen katakon gaba da tsirkiyoyi ke bi ta kansa, don a nan muryar take.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo, siririya ce, ba ta iya tura iska. In an taɓa ta, girgizar kan bi ta jaki, ɗan katakon da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai, ta shiga fuska, fuskar ce ke kaɗa iska har kunne ya ji. Aikin da fata ke yi a jikin garaya ke nan. Antonio de Torres, mai haɗa jita, mutumin Almeriya a ƙasar Sifen, wanda fasalinsa muke bi har yau, ya haɗa wata jita a 1862 da bayanta da gefunanta duk na kwali ne, fuskar kawai ya yi da katako. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

Shi ya sa ba na rowa a kan fuska. Katakon itacen sifurus (spruce) ko na sida (cedar) nake sayowa daga waje, mai sauƙi amma mai tsauri, in kankare shi har kaurinsa ya dawo milimita 2 zuwa 2.5. Wannan ɗan falle ne zai jure jan tsirkiyoyi na kusan kilo 40, dare da rana. Abin da ke riƙe shi sanduna bakwai ne sirara da ake mannawa ta ciki, a baje su a tsarin mafici. A nan ake gane mai hannu. In ka bar sandunan da kauri, jitar ba za ta lalace ba amma muryarta a shaƙe. In ka fere su da yawa, za ta yi amo na ɗan lokaci, sannan fuskar ta lotsa a gaban jaki. Nakan riƙe fallen da yatsu biyu kusa da kunnena, in ƙwanƙwasa, in saurari yadda ƙarar ke daɗewa, in fere kaɗan, in sake ƙwanƙwasawa. Yaron da bai iya wannan sauraro ba, ba na ba shi wuƙa, samfefa nake ba shi.

Ramin tsakiya ma ba ado ba ne. Iskar da ke cikin akwatin tana shiga da fita ta nan, wajen sau 100 a daƙiƙa, ita ce ke ba manyan tsirkiyoyi kaurin murya. Wuyan kuwa da maɗacinmu nake yi, in ya bushe sosai yana tsayawa ƙyam.

Babban abokin gabarmu hunturu ne. Katako yana shan laima da damina, ya tsuke da rani, fuskar kuma ba ta da kaurin da za ta jure. Jitar da aka manna a watan Agusta takan tsage a Janairu, galibi daga jaki zuwa gindi. Don haka ba na shafa gam sai na'urar auna laima ta nuna kashi 45 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ko da mai ita yana ta kirana a waya. Wanda ya karɓi tasa kuma nakan roƙe shi ya ajiye ta cikin jakarta da ɗan jiƙaƙƙen soso a gwangwani mai huji, kada kuma ya bar ta a bayan mota da rana.